Ma'aikatan da ke Cikin Lakar Tabki

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk mai kiwon kifi ya san ranar da ba ya son gani. Ya fito da asuba, ya tarar kifayensa sun taso sama suna buɗe baki. Ruwan yana wari. Kafin hantsi wasu sun mutu. Nan da nan sai a fara zargi. Wani ya ce guba aka zuba, wani ya ce sammu ne. Amma sau da yawa dalilin yana can ƙasan ruwa, a cikin laka.

Ƙasar Tambuwal da ta Kebbe ƙasa ce mai albarkar ruwa. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Kebbe, tsakanin Gummi da Jega. A ƙasar Tambuwal akwai tabkin Romo, wanda aka san shi da su. Ga fadamu, ga kududdufai masu riƙe ruwa har cikin rani. Ban da masunta na gado, manoma ma suna haƙa rami su zuba 'ya'yan tarwaɗa ko karfasa. Saboda haka sanin abin da ke cikin laka zai amfani kowa.

Laka tana da rai

Ga ido, laka ƙasa ce da ruwa kawai. Amma a cikinta akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Masana suna kiransu bakteriya. Sai da madubi mai ƙara girman abu ake ganinsu. Mutumin da ya fara ganinsu wani ɗan ƙasar Holan ne mai sayar da yadi, sunansa Leeuwenhoek. Ya gan su a shekarar 1676, da madubin da ya haɗa da hannunsa.

Ƙanƙantarsu abin mamaki ce. Idan aka jera 1,000 gefe da gefe, ba za su kai faɗin ƙwayar gero ɗaya ba. A cikin laka cikin ƙaramin cokali akwai miliyoyinsu. Haihuwarsu kuma ba wuya. Ɗaya ce take rabewa ta zama biyu. Idan ta sami abinci da ɗumi, tana iya rabewa bayan kowane minti 30. Ta haka, cikin awa 10 ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 1.

Mutane da yawa sun san su da sunan ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne wasunsu suna kawo cuta, kamar kwalara da tarin fuka. Amma mafi yawansu ba su cutar da kowa, wasu ma amfani suke yi. Su ne suke mayar da madara kindirmo. Su ne suke ruɓar da juji ya zama taki. Su ne kuma suke nunar da daddawa.

Mece ce wuƙarsu?

Waɗannan halittu ba su da baki, ba su da haƙori. To yaya suke cin abinci? Suna fitar da wani sinadari daga jikinsu, ya zuba a kan abincin. Sinadarin ya narkar da shi, ya farfasa shi ƙanana ƙwarai. Sannan su tsotse ta fatar jikinsu. Masana suna kiran wannan sinadari inzayim. A Hausa ana iya ce masa sinadarin narkarwa.

Sinadarin narkarwa ba baƙo ba ne a gidajen karkara. Akwai shi a cikin yawun mutum. Shi ya sa idan aka daɗe ana tauna dafaffiyar shinkafa, sai a ji ta fara zaƙi. Akwai shi a cikin tsiron hatsi da ɗanyen dankali. Shi ya sa mai kunun zaƙi take zuba su, kunun ya saki ya yi zaƙi. Akwai shi a ganyen gwanda. Shi ya sa ganyen yake tausasa nama mai tauri.

Sinadarin narkarwa iri iri ne, kuma kowanne da aikinsa, kamar makulli da ƙofarsa. Guda huɗu sun fi muhimmanci a cikin laka:

1. Mai narkar da sinadarin gina jiki, irin na nama da wake da garin kifi.
2. Mai narkar da sitaci, irin na masara da gero da rogo.
3. Mai narkar da mai da kitse, irin na ƙuliƙuli.
4. Mai narkar da ganye da dusa da kara.

Dangin mai nunar da daddawa

Mai yin daddawa takan dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa. Sai ta rufe ta a wuri mai ɗumi kwana 2 ko 3. Idan ta buɗe, kalwar ta yi laushi, ta yi yauƙi, ta yi ƙamshi mai ƙarfi. A shekarar 1981 wani masani na Jami'ar Ibadan mai suna Odunfa ya bincika abin da ke yin wannan aiki. Ya tarar yawanci wani dangin bakteriya ne da ake kira Basilus. Su ne suke zuba sinadarin narkarwa a kan kalwar.

To wannan dangi na Basilus yana nan da yawa a cikin lakar tabki da ta kududdufin kifi. Aikin da yake yi wa kalwa shi yake yi wa ragowar abincin kifi. Yana da wata dabara kuma irin ta gaiwa. Masunta sun san idan tabki ya ƙafe, gaiwa takan shige cikin laka ta kwanta har ruwa ya dawo. Haka Basilus yake. Idan wuri ya bushe, sai ya dunƙule cikin ɓawo mai tauri. Zafin rana ba ya kashe shi. Ruwa na dawowa sai ya farka ya kama aiki.

Aikinsu a cikin kududdufi

Duk abin da ya nutse a ruwa, laka ce masaukinsa. Ragowar abincin kifi, kashin kifi, ganyen da iska ta kawo, matattun ƙwari, duk can suke taruwa. Kuma abin da ke sauka ba kaɗan ba ne. Masana sun auna sun gani. Idan aka raba sinadarin gina jiki na abincin kifi kaso 4, wajen kaso 1 ne kaɗai yake zama tsokar kifi. Sauran kaso 3 suna komawa cikin ruwa da laka.

Da babu masu share wannan datti, da kududdufi ya zama masai cikin 'yan makonni. Ma'aikatan laka su ne masu sharar, kuma sun raba aikin tsakaninsu.

Rukuni na farko, irin su Basilus, suna narkar da dattin. Wajen narkar da sinadarin gina jiki, wata guba takan fito, sunanta amoniya. Ita ce mai warin nan da ake ji a akurkin kaji da aka daɗe ba a share ba. Kifi ma da kansa yana fitar da ita. Idan ta yi yawa a ruwa, tana ƙona jan naman da ke ƙarƙashin kunnen kifi, wurin da yake numfashi.

Rukuni na biyu suna kama amoniya su juya ta, mataki biyu, har ta zama taki marar cutarwa. Wannan taki dangin takin zamani ne da ake zuba wa masara.

Daga nan wasu ƙananan tsirrai da ke yawo cikin ruwa sai su sha takin su yaɗu. Su ne suke sa ruwa ya yi kore. Karfasa tana cinsu, ƙwarin ruwa suna cinsu, 'ya'yan tarwaɗa kuma suna cin ƙwarin. Ashe datti ya zagayo ya zama abinci.

Abin da ke kawo mutuwar asuba

Ma'aikatan laka suna da sharaɗi ɗaya. Suna buƙatar iskar numfashi, wadda masana ke kira oksijin. Wannan iska tana narke a cikin ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa a miya. Ita kifi yake shaƙa, ita kuma ma'aikatan suke shaƙa. Kuma ba ta da yawa a ruwa.

Da rana, tsirran nan masu sa ruwa kore suna samar da iskar numfashi. Da dare sai su daina, su ma su koma shaƙa. Saboda haka iskar tana raguwa duk tsawon dare. Lokacin da ta fi ƙaranci shi ne asuba.

A ɗauka wani manomi yana son kifinsa ya yi saurin girma. Sai ya riƙa zuba abinci fiye da kima. Ya ƙara da hanjin kaji da jinin mahauta. Kifi ya ci ya bari, saura ya nutse. Ma'aikatan laka sun sami abinci, sai su yi ta haihuwa. Da yawansu ya ƙaru, sai su shanye iskar da ke ƙasan ruwa. Kifi ya rasa abin shaƙa, ya taso sama da asuba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Idan iska ta ƙare a laka, rukuni na biyu ya daina aiki, amoniya ta taru. Sai wasu bakteriya na daban su karɓi wurin, waɗanda ba su buƙatar iskar numfashi. Su aikinsu a hankali yake, kuma suna fitar da wata iska mai warin baragurbin ƙwai. Wannan iska guba ce mai ƙarfi, kaɗan daga cikinta yana kashe kifi. Ita ce kuma take haɗuwa da ƙarfen da ke cikin ƙasa, laka ta koma baƙa ƙirin.

Karfasa ce take fara mutuwa. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sama, saboda haka takan daure. Amma dauriya ba lafiya ba ce. Takan rage cin abinci, girmanta ya tsaya, jikinta ya yi rauni. A nan ne wasu miyagun bakteriya suke samun ƙofa. Su ma da sinadarin narkarwa suke aiki, amma a kan fatar kifi mai rai. Shi ne gyambon da ake gani a jikin tarwaɗa.

Lokutan hatsari guda uku

Na farko shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi kamar mai sanyi. Ga shi kuma zafi yana ƙara wa ma'aikatan laka sauri, suna shan iska da yawa. Ruwan ma ya ja baya.

Na biyu shi ne ruwan farko na damina. Ruwan sama mai sanyi da iska mai ƙarfi suna juya tabki. Ruwan ƙasa marar iska ya taso sama da gubarsa. Ga kuma dattin da malale ya kwaso daga gari. Wannan yakan kashe kifi har a manyan tabkuna da ba wanda yake zuba wa abinci.

Na uku shi ne hunturu. Sanyi yana rage wa kifi ci, yana kuma rage wa ma'aikatan laka ƙarfi. Wanda ya ci gaba da zuba abinci kamar da, datti ne yake tarawa. Idan zafi ya dawo, sai abin ya tashi gaba ɗaya.

Haka abin yake a teku

Wannan lamari ba na kududdufin ƙauye ne kaɗai ba. A ƙasar Norway ana kiwon kifi a cikin teku, a manyan kejin raga. Ragowar abinci da kashin kifi suna sauka ƙarƙashin kejin. Idan sun yi yawa, lakar wurin takan yi baƙi ta yi wari, daidai da ta kududdufi. Maganin da suke yi shi ne, bayan an kwashe kifi sai a bar wurin ya huta kafin a zuba wasu. Manomi ya san wannan dabara. Ita ce barin gona ta zama saura don ƙarfinta ya dawo.

Ma'aikatan laka suna nan har a wuri mafi zurfi a duniya. Wani rami ne a tekun Fasifik mai suna Mariyana. Zurfinsa ya kusa kilomita 11, wato tafiyar fiye da awa 2 a ƙafa. A shekarar 1996 masanan ƙasar Japan suka tura wata na'ura mai suna Kaiko can ƙasa. Ta ɗebo laka. Da aka bincika sai aka sami bakteriya masu rai a ciki, har da dangin Basilus.

Me ya sa masana suke wahalar neman laka a teku? Saboda sinadarin narkarwa kayan sayarwa ne. A shekarar 1963 wani kamfani a ƙasar Denmark mai suna Novo ya fara sayar da wanda aka samu daga wani Basilus. Ana zuba shi a garin sabulun wanki. Shi ne yake cinye tabon jini da na miya a jikin tufa. Ana kuma amfani da irinsa a masana'antun jima, da na burodi, da na abincin kaji da kifi. Bakteriyar da ta saba da gishiri ko sanyi ko zafi, sinadarinta ma yakan jure su. Irin wannan masana'antu suke nema.

Yadda za a taimaki ma'aikatan laka

1. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti 10 zuwa 15. Idan ya rage, gobe a rage. A riƙa zubawa a wuri ɗaya, don a ga yadda suke ci.

2. A duba kududdufi kowace asuba. Idan kifi ya taso yana haki, kada a ba da abinci ranar. A rage tsohon ruwa, a ƙara sabo. A sa ruwan ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama, don ya kwaso iska.

3. A gwada ruwa da hannu. A tsoma hannu har gwiwar hannu. Idan ana hangen tafin hannu dishi-dishi, ruwan ya yi daidai. Idan tafin ya ɓace tun kafin a kai gwiwa, koren ya yi yawa. A dakatar da zuba taki.

4. A gwada laka da sanda. A caka ta a ƙasa a ciro, a duba, a sansana. Laka mai launin ƙasa a sama, mai ƙamshin ƙasa, lafiyayya ce. Baƙa mai warin baragurbi tana neman taimako.

5. Kada a dama laka alhali kifi yana ciki. Damawa tana sakin gubar da ke kwance.

6. Bayan an kwashe kifi, a zubar da ruwan duka. A bar ƙasan ya sha rana mako 2 zuwa 3, har ya tsattsage. Ta tsagar nan iska take shiga, ma'aikatan su ƙarasa cinye dattin. Rani ya fi dacewa da wannan aiki.

7. Idan baƙar lakar ta yi kauri, a kwashe ta a kai gona. A baza ta ta bushe tukuna. Taki ce mai kyau ga albasa da tattasai da masara. Ruwan da aka zubar ma yana da amfani a lambu.

8. Ma'aikatan laka ba su son ƙasa mai tsami. Tokar itace ko farar ƙasa ta noma tana kashe tsami. A barbaɗa ta lokacin da ba kifi a ciki. A tambayi malamin gona ko ƙasar tana buƙata, da yawan da za a zuba.

Mai kiwo a tankin siminti ko na tamfol ya lura da abu ɗaya. Shi ba shi da laka, saboda haka ma'aikatansa kaɗan ne. Aikin shara ya koma kansa. Dole ya riƙa canja ruwa a kai a kai, yana fitar da dattin da ya kwanta.

Abubuwa biyu da za a guje wa

Na farko shi ne zuba kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta a ruwa barkatai. Magani ba ya tantance na kirki da mugu. Yana iya kashe masu shara, ya bar dattin. Yawan amfani da shi kuma yana sa ƙwayoyin cuta su saba, har ya daina yi wa mutane aiki. Kada a ba kifi magani sai da shawarar likitan dabbobi ko jami'in kula da kifi.

Na biyu shi ne kamun kifi da guba, irin su Gamalin. Guba tana kashe babba da ƙarami, har da ƙwai da ƙwarin da kifi ke ci. Tana daɗewa kwance a laka. Tana cutar da wanda ya ci kifin, da dabbar da ta sha ruwan. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Sarakunan ruwa da masu unguwanni suna da babban aiki wajen tsare wannan.

Akwai kuma garin bakteriya da ake sayarwa don zubawa a kududdufi. Yawancinsa Basilus ne. Mai saye ya tuna cewa lakarsa cike take da su kyauta. Abin da suka fi rasawa shi ne iska. Garin ba zai gyara kududdufin da ake cika wa abinci ba.

Bayan an kama kifi

Aikin sinadarin narkarwa ba ya tsayawa don kifi ya mutu. Akwai shi a hanjin kifi, akwai kuma bakteriya a hanjin da kan fata. Kifi na mutuwa sai su juya kan namansa. Shi ya sa kifi yake saurin lalacewa da zafi. Mai son kifinsa ya yi daraja a kasuwa ya fede shi da wuri, ya cire kayan ciki. Ya wanke da ruwa mai tsabta, ya ajiye a inuwa, ya yi banda ba tare da jinkiri ba. Wuta da bushewa da gishiri suna tsayar da su.

Inda za a nemi ƙarin bayani

Wanda kifinsa yake yawan mutuwa ya fara zuwa sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa, a Tambuwal ko Kebbe. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato akwai malamai masu koyar da kiwon kifi. A New Bussa ta Jihar Neja, kusa da madatsar ruwa ta Kainji, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Aikinta ya faro tun shekarar 1968. Yana da kyau masu kiwo su haɗa ƙungiya, don murya ɗaya ba ta kai ta mutum goma ba.

Ɗan ajin yaƙi da jahilci yana da makamin da ya fi kowanne sauƙi, wato littafi da fensir. Ya rubuta ranar da ya zuba kifi da yawansu. Ya rubuta mudun abincin kowace rana, da ranar da ya canja ruwa, da ranar da kifi ya taso da asuba. Bayan wata 6 littafin zai nuna masa inda kuskure yake. Wanda ya karanta wannan bayani kuma ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a sana'a.